Hawan dutsen Zugspitze: Reintal, Gatterl, Stopselzieher ko Höllental, wace hanya ta dace da kai?

Zugspitze shi ne dutse mafi tsayi a Jamus, mita 2,962, kuma iyakar Jamus da Ostiriya ta ratsa ta kansa. Ta arewa akwai garin Garmisch-Partenkirchen na jihar Bavariya, tafiyar awa ɗaya da minti 20 daga Munik a jirgin ƙasa. Ta yamma akwai Ehrwald a yankin Tirol na Ostiriya. Wanda ya san Chappal Waddi da ke kan iyakar Najeriya da Kamaru a jihar Taraba, mai mita 2,419, ya ƙara mita 500 da 'yan kai a kansa, ya kuma ƙara sanyi da ƙanƙarar da ba ta narkewa duka ko a tsakiyar bazara.

Manyan hanyoyin ƙafa huɗu ne ke kaiwa ƙololuwa, sannan ga jiragen igiya, wato ɗakunan ƙarfe masu rataye a jikin kebur, ga kuma jirgin ƙasa mai haƙora. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya buɗe taswira ya zaɓi hanyar da ta fi gajarta. A wannan dutse gajertar hanya alama ce ta miƙewarta sama, kuma hanyar da ta fi tsawo ita ce mafi sauƙi.

Abin da za a auna kafin zaɓi

Na farko shi ne yawan hawa a tsaye, domin shi ke cinye ƙarfi, ba kilomita ba. Matsakaicin mai tafiya da jaka a baya yana hawa mita 300 zuwa 400 a awa. Hanyar da ke da hawan mita 2,200 kuwa tana nufin awa shida zuwa bakwai na hawa zalla, ban da hutu da tafiyar fili.

Na biyu shi ne kanka: kana jin jiri idan ka leƙa ƙasa daga wuri mai tsayi? Wannan ba abin kunya ba ne, amma shi ke raba hanyoyin gida biyu. Na uku kayan aiki da kuɗinsu. Na huɗu tsawon lokacin da hanyar ke da kyau a shekara. Na biyar, wanda mutane ba su cika tunawa da shi ba, mafita: idan hadari ya haɗo ko ƙafa ta gaza a tsakiya, ina za ka nufa?

Akwai kuma batun takardu, kuma ya shafi 'yan uwa da yawa da ke zaune a Jamus. Mai bizar Schengen ko cikakkiyar takardar zama yana iya tsallakawa Ostiriya da fasfonsa a aljihu. Wanda ke jiran hukunci kan neman mafaka, ko mai riƙe da takardar Duldung, wato ta dakatar da mayar da mutum ƙasarsa na ɗan lokaci, ba shi da izinin barin Jamus, kuma hanyoyin Gatterl da Stopselzieher cikin ƙasar Ostiriya suke bi. Rashin ganin shinge ko jami'i a kan dutse bai canza dokar ba. Mai irin wannan takarda ya tsaya ga Reintal ko Höllental, ya sauko ta ɓangaren Jamus, bayan ya tabbatar takardarsa ta ba shi damar zuwa yankin.

| Hanya | Mafari | Hawa | Lokaci | Kayan dole | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Reintal | Garmisch, wajen mita 730 | kusan mita 2,250 | awa 9 zuwa 11, gara kwana 2 | takalmin dutse, sanduna | gajiya, hazo |
| Gatterl | Ehrwalder Alm, mita 1,500 | kusan mita 1,600 | awa 6 zuwa 7 | takalmin dutse, sanduna | santsi bayan ruwa, rasa jirgin ƙarshe |
| Stopselzieher | Obermoos, kusa da Ehrwald, wajen mita 1,225 | kusan mita 1,750 | awa 5 zuwa 6 | hular kwano, ɗamara da ƙugiyoyi | gangarowar duwatsu |
| Höllental | Hammersbach, kusa da Garmisch, wajen mita 760 | kusan mita 2,200 | awa 7 zuwa 9 | duk na sama, da ƙayar ƙarfe ta ɗaurawa a takalmi | ƙanƙara, cunkoso, tsawa |
| Jirgin igiya | Eibsee ko Obermoos | babu | minti 10 | rigar sanyi | hawa zuwa alamar ƙololuwa |

Reintal

Ta nan Josef Naus ya bi ranar 27 ga Agustan 1820, a hawan farko da aka rubuta. Tsawonta kusan kilomita 21 ne. Ana tashi daga filin wasan tsalle kan ƙanƙara na Olamfik ɗin 1936 a Garmisch, a ratsa kwazazzabon Partnachklamm, inda ake biyan kuɗin shiga na 'yan Yuro, sannan a bi kogin Partnach cikin daji. Akwai wuraren hutu uku a kan hanya: Bockhütte a mita 1,052, Reintalangerhütte a mita 1,369, da Knorrhütte a mita 2,051. Zuwa Reintalangerhütte awa biyar ne, hawan kuma a hankali yake. Daga nan ne hanya ke miƙewa, awa biyu zuwa biyu da rabi zuwa Knorrhütte.

Wanda kallon daji da halittu ne ya kawo shi, wannan ce hanyarsa, domin ita kaɗai ke nuna maka dutsen hawa-hawa. Za ka fara cikin dogayen itatuwa masu inuwa, ka wuce inda Partnach ke ɓulɓulowa daga cikin dutse da ƙarfinsa, ka shiga yankin gajerun itatuwan fayin masu rarrafe a ƙasa, daga nan sai ciyawa da furanni, a ƙarshe sai dutse tsirara. Da sassafe ana ganin awakin dutse da Jamusawa ke kira Gams a kan gangare. Sama da Knorrhütte akwai wani faffaɗan fili na farar ƙasa, Zugspitzplatt, wanda ruwa ya huda ko'ina, duk ruwan da ya sauka sai ya nutse. Saboda haka babu inda za ka ɗebi ruwa a can. Cika gorarka a Knorrhütte, aƙalla lita ɗaya da rabi. Idan hazo ya rufe filin, komai yakan zama iri ɗaya, kuma sandunan da aka kafa da jan fenti a jikin duwatsu su ne jagora. Wanda ya rasa alama ta gaba ya koma ta baya, kada ya yi gaba da ƙiyasi.

Mita 400 na ƙarshe, daga tashar jirage ta Sonnalpin da ke kan Zugspitzplatt, su ne masu wuya: burji mai zamewa a gefen cibiyar binciken yanayi ta Schneefernerhaus, sannan siririn doron dutse mai igiyar ƙarfe a gefe. Babbar fa'idar Reintal ita ce wannan sashe ba dole ba ne. Idan ƙarfi ya ƙare, ko ka ga wurin ya fi ƙarfin zuciyarka, sai ka shiga ƙaramin jirgin igiya na Gletscherbahn zuwa sama, ko ka hau jirgin ƙasa mai haƙora ka koma Garmisch. Kuɗinta shi ne kwana a masauki, abinci, da tikitin saukowa. Lokacinta daga ƙarshen Yuni zuwa farkon Oktoba.

Gatterl

'Yar'uwar Reintal ce, sai dai gajera. Jirgin igiya na Ehrwalder Almbahn yana kai ka mita 1,500, ka rage wa kanka hawan wajen mita 400 na farko. Daga nan sai makiyayar Hochfeldernalm, a ƙetare mashigai biyu, a iso Gatterl, wata 'yar ƙofa a kan iyaka a tsayin mita 2,000 da ɗoriya. Gab da ita akwai ɗan wuri mai igiya wanda ƙafafun mutane suka goge har ya yi sulɓi, kuma bayan ruwan sama sai an yi a hankali. Daga ƙofar hanya ta kwanta zuwa Knorrhütte, inda ta haɗu da ta Reintal.

Matsalarta lissafin lokaci ne. Idan ka jira jirgin farko na safe, ka yi awa bakwai a hanya, ratar da ke tsakaninka da jirgin ƙarshe na saukowa ba ta da yawa. Kuma jirgin da zai sauko da kai ta Ostiriya a Obermoos yake ajiyewa, nesa da inda ka bar mota, sai ka nemi bas.

Stopselzieher

Ita ce mafi gajarta, ta gefen yamma. Ana tashi daga Obermoos, ko daga tafkin Eibsee idan an yarda da ƙarin hawa, a kai masaukin Wiener-Neustädter Hütte a wajen mita 2,200 cikin awa uku. Daga masaukin a ratsa kwarin burji, a kama hanyar igiyar ƙarfe wadda ke kutsawa ta cikin wani rami na dutse kafin ta fita fili. A ma'aunin wahalar irin waɗannan hanyoyi, wanda ke tashi daga A zuwa E, tana tsakanin A da B, wato mai sauƙi. Ƙwararru da yawa sukan bi ta ba tare da sun maƙala ƙugiya ba, amma wanda bai saba ba kada ya yi koyi da su.

Haɗarinta duwatsu ne. Ɓangaren sama cike yake da sakakkun duwatsu, duk wanda ke gabanka yana iya turo ɗaya ba da niyya ba. Hular kwano dole ce tun daga gindin hanya, kuma ko dai ka matso kusa da ayarin da ke gaba, ko ka ba su rata sosai. Da yake kwarin yana cikin inuwa da safe, dusar ƙanƙara takan daɗe a can har cikin Yuli ta rufe igiyoyi, kuma da sanyin kaka na farko ƙarafan kan yi sulɓi. Ta fuskar kallo ba ta kai sauran ba, domin mafi yawan lokaci kebur ɗin jirgi na saman kanka, sai dai ganin Eibsee daga sama, kore shar da tsibiransa takwas, abu ne da ya cancanci tsayawa.

Höllental

Ita ce hanyar da kowa ke son a ce ya bi, kuma ita ce ke yawan ba masu aikin ceto aiki. Kilomita tara ne kacal, amma ta haɗa abubuwa huɗu daban, kowanne da ƙwarewar da yake nema.

Na farko kwazazzabon Höllentalklamm, mai ramuka da gadoji da ruwa na zubowa ta sama. Sa rigar ruwa tun daga ƙofa. Ana buɗe shi daga tsakiyar Mayu zuwa ƙarshen Oktoba. A watan Agustan 2021 ambaliya ta taso a wannan kwari bayan ruwa mai ƙarfi ta hallaka mutane, don haka ba a shigarsa idan ana hasashen mamakon ruwa. Bayansa sai masaukin Höllentalangerhütte a mita 1,387, wurin ƙarshe da ake da tabbacin ruwan sha. Ɗauki lita biyu zuwa uku.

Na biyu wurare biyu masu suna Leiter da Brett. Leiter matakala ce ta ƙarafan da aka kafa a bangon dutse. Brett kuwa ƙetare ne a gicciye a kan turakun ƙarfe, babu komai a ƙarƙashin ƙafarka sai sarari. Ba su da wuya ga hannu, amma a nan mai jiri ke gane kansa, kuma a nan ne juyawa ke da sauƙi. Wanda jikinsa ya yi rawa a Brett ya koma, domin abin da ke sama ya fi shi tsawo nesa ba kusa ba.

Na uku daskararriyar ƙanƙara ta Höllentalferner. A farkon bazara dusar ƙanƙara tana rufe ta, sawun mutane ya zama matakala. Daga Agusta dusar kan narke, sai ƙanƙara mai tauri da tsagogi a fili. A lokacin ƙananan sarƙoƙi masu 'yan ƙusoshi da ake sa wa takalmi don titi mai santsi ba su da amfani. Sai cikakkiyar ƙayar ƙarfe mai haƙora goma ko sha biyu, Steigeisen a bakin mutanen wurin, da takalmi mai ƙarfin tafi wanda za ta zauna a kansa. Gwada ɗaurinta a gida, domin wadda ta kwance a tsakiyar gangare ta fi rashinta haɗari. A ƙarshen ƙanƙarar akwai Randkluft, ratar da ke tsakanin ƙanƙara da bangon dutse, wadda ke ƙara faɗi yayin da bazara ke tafiya. Mutum ɗaya ke iya ƙetarewa a lokaci guda, kuma mitocin farko na bangon su ne mafi wuya a duk hanyar, wajen C a ma'auni. Ranar Asabar ko Lahadi mai kyawun yanayi ana iya jiran awa guda a layi, a tsaye kan ƙanƙara, gumi na hucewa a jiki.

Na huɗu hanyar igiyar ƙarfe ta awa biyu zuwa uku har ƙololuwa. Babu masauki, babu jirgi, babu wata hanyar ratsewa. Ga shi kana maƙale da ƙarfe a daidai lokacin da hadarin bazara ya fi tasowa, wato bayan azahar. Shi ya sa masu hankali ke kwana a Höllentalangerhütte su tashi da asuba, ko su bar Hammersbach wajen ƙarfe huɗu na dare da fitilar goshi, da niyyar isa sama kafin ƙarfe ɗaya na rana.

Game da kaya: hular kwano, ɗamarar hawa, igiyoyi biyu masu ƙugiya da abin rage ƙarfin faɗuwa, da ƙayar ƙarfe, sababbi za su ci Yuro 250 zuwa 350. Don tafiya ɗaya haya ta fi, kuma akwai shagunan haya a Garmisch. Mai saye ya duba lambar EN 958 ta 2017, wadda aka tsara don nauyin kilo 40 zuwa 120 har da jaka. Abin rage ƙarfin faɗuwa ɗinki ne da ke yagewa da gangan. Idan ya yage sau ɗaya aikinsa ya ƙare. Ko ba a taɓa amfani da shi ba, masu ƙera shi ba sa ba shi fiye da shekara goma. Kada a sayi na hannu, domin ba ka san abin da ya gani ba. Wanda bai taɓa taka ƙanƙara ba ya ɗauki jagora mai lasisi. Kuɗin ɗaruruwan Yuro ne, kuma ya fi sauƙi idan an shiga ƙaramin ayari.

Akwai hanya ta biyar da za ka ji ana ambata, Jubiläumsgrat, doron dutse mai kusan kilomita takwas daga Zugspitze zuwa dutsen Alpspitze. Yawancinta babu igiya, hawan hannu ne na ƙwararru, kuma ba ta cikin zaɓin wanda ke karanta irin wannan bayani don yanke shawara.

Jiragen igiya da saukowa

Jirgin Eibsee da aka buɗe a Disambar 2017 yana hawa mita 1,945 cikin minti goma, a kan turke ɗaya tilo mai tsayin mita 127. Na ɓangaren Tirol tun 1926 yake, an sabunta shi a 1991. Jirgin ƙasa mai haƙora, wanda ya fara aiki a 1930, yana kaiwa Zugspitzplatt kuma yana tsayawa a Hammersbach, abin da ya dace da wanda ya hau ta Höllental. Tikitin zuwa da dawowa ta ɓangaren Jamus ya haura Yuro 70 a shekarun nan, na saukowa kaɗai ya fi rabin haka. Saka shi cikin kasafinka ko da kana ganin za ka sauko da ƙafa, domin gangaren mita 2,000 bayan yini guda na hawa shi ke kashe gwiwa. Jirgin ƙarshe yakan tashi da la'asar, lokacin yana sauyawa da wata, sai ka duba ranar tafiya. Wanda ya rasa shi sai masaukin Münchner Haus da ke sama tun 1897, idan akwai gado.

Alamar ƙololuwa, gicciye mai ruwan zinariya, tana kan wani ɗan tsiri daban da dandalin baƙi. Zuwa can minti kaɗan ne, ta tsani da dutsen da ya goge sumul, ga zurfi hagu da dama, ga layi. Mai takalmin gari ko mai yara ya tsaya a dandali, kallon duk ɗaya ne. Wasu baƙaƙen tsuntsaye masu rawayan baki da jajayen ƙafafu za su zo har hannunka. Kada ka ba su abinci.

Sanyi ya shafi kowace hanya. Zafi yana raguwa da wajen digiri 6 a kowane mita 1,000, don haka idan Garmisch na da digiri 20, sama na iya zama digiri 6 kafin a lissafa iska. A Yulin 2008 dusar ƙanƙara ta faɗo wa masu tseren gudu a dutsen, biyu suka rasu kusa da sama. Rigar ruwa, rigar ɗumi, hula da safar hannu suna cikin jaka ko rana ta take. Lambar gaggawa 112 ce a ƙasashen biyu. Zama mamba a ƙungiyar masu hawan dutse ta Jamus, DAV, yana rage kuɗin kwana a masaukai kuma yana ɗauke da inshorar ceto, wanda ke da muhimmanci domin ba kowane ɗaukar jirgi mai saukar ungulu inshorar lafiya ke biya ba. A masaukai ana kama gado makonni kafin zuwa, ana tafiya da siririn mayafin barci da tsabar kuɗi. Miya da yawa akwai naman alade a ciki, sai ka tambaya. Taliyar cuku ta Käsespätzle da wainar Kaiserschmarrn yawanci babu nama, amma ka tambaya ko an sa wa wainar giya.

Wa ya kamata ya bi wace

Mai ƙarfin tafiya wanda bai taɓa hawan babban dutse ba: Reintal cikin kwana biyu, da kwana a Knorrhütte idan ƙafa za ta kai, ko Reintalangerhütte idan ana son ranar farko mai sauƙi. Haka ma mai jiri, da sharaɗin zai shiga jirgi daga Sonnalpin. Mai yini ɗaya kacal da takardun shiga Ostiriya, wanda ba ya son kayan ƙarfe: Gatterl, da jirgin farko na safe. Wanda ya taɓa bin hanyar igiyar ƙarfe sau ɗaya ko biyu kuma yana son hawa mai sauri ba tare da ƙanƙara ba: Stopselzieher, daga tsakiyar Yuli zuwa Satumba, a ranar aiki. Höllental ta wanda ya riga ya yi hawan mita 1,500 a yini ɗaya ce, ya san hanyar igiya ta matakin C, ya kuma iya tafiya da ƙayar ƙarfe, ko kuma yana tare da jagora. Yuli ya fi masa ƙarshen Agusta. Iyali mai yara ko dattawa su hau ta Eibsee da safe kafin gajimare ya rufe sama, su sauko su zagaya tafkin da ƙafa, kilomita bakwai da rabi a kan hanya mai laushi, wajen awa biyu.